Ranar Fitar Fijo

A Daudawa yanzu akwai tambayar da ba a yi wa mutum. Ba a ce masa yaushe za ka fita, ba a ce masa wace hanya za ka bi. Ko ɗan'uwanka ne ciki ɗaya, in ka ga ya ɗaure kaya a bayan babur, ka ce Allah ya kiyaye hanya, ka ja bakinka. Dalili kowa ya san shi. Mutanen daji ba sa tare hanya haka kawai, sai wani daga cikin gari ya buga musu waya ya ce ga wane nan tafe. Mai wannan aiki shi ake kira infoma. Wanda kuwa aka liƙa wa sunan nan, in ya faɗa hannun 'yan sa-kai, da wuya a sake ganinsa a sahun masallaci.

To wannan tambaya ita Gide ya yi wa surukinsa Labaran, kuma ba sau ɗaya ba.

Labaran manomi ne, yana kuma taɓa gyaran injin ban-ruwa. Mutum ne mai taurin kai, in ya ce eh ko liman ba ya mai da ita a'a. Ubansa, marigayi Alhaji Audi, ya yi tashe a sayen auduga, kuma abin da ya rage na wancan zamani shi ne wata Fijo 504 da ke kwance a bayan rumbu. Kaji sun yi ƙwai a cikinta, akuya ta haihu a ƙarƙashinta, tsatsa ta cinye gindin ƙofofinta. 'Yan jari-bola sun yi ta zarya a kanta yana korarsu. Rannan kawai, bayan an gama noman farko, ya tashi ya ce zai tada ita.

Matarsa Mero ta ce, "Malam, a wanga zamani da kowa ke ɓoye abin da ya mallaka, kai za ka hito da mota tana walƙiya?"

Ya ce, "Ta ubana ce. Mai ido shi kalla."

Haka ya faɗa da baki. Amma washegari sai ga shi ya kewaye wurin da zana mai tsawo, don kada mai wucewa ya leƙo.

Inji ya fara kamawa. Ya wanke kafireta, ya canza fulogi, ya toshe lagireto inda yake yoyo, har ranar da ta yi tari ta tashi, kaji suka watse. Daga nan ya juya kan jiki. Ya ɗaga ta da jak, ya kwance tayoyin duka ya jingine a ɗaki, ya ɗora ta a kan duwatsu, notocin ya zuba a gwangwanin madara. Kullum in ya dawo gona sai ya ɗauki samfefa da bokitin ruwa ya yi ta gurza har yatsunsa su yi fari. Inda tsatsa ta huda ya cike da foti, ya bari ya bushe, ya sake gurzawa. Wani direba da ya taɓa riƙe motar ya shafa mata wani shuɗi mai muni, amma a bayan murfin tankin mai Labaran ya sami ainihin launinta na farko, ruwan madara. Ya kwance murfin ya kai Funtua aka haɗa masa fenti daidai da shi. Mai shagon ya ba shi shawara ya haɗa da maganin da ke sa fenti ya bushe da wuri, tunda damina ce. Labaran ya ce lokacin ubansa ba a san wannan ba, kuma motoci sun yi kyau. Ya ɗauko gwangwanayensa ya taho ba maganin.

Gide mijin Shafa'atu ne, 'yar farin Labaran. Tunda aka haife ta Labaran bai taɓa kiran sunanta ba, haka ma uwarta Mero. In ta kama dole sai su ce yarinyar nan, su yi sauri su wuce maganar. Gide na zaune da ita a Unguwar Ɗanlahadi, wani ɗan ƙauye a bakin daji. A da sai sallah zuwa sallah ake ganinsa. Ya tuɓe takalmi tun daga zaure, ya tsuguna can nesa, ya gaisa kansa a ƙasa, ya tashi ya tafi. Amma tunda injin Fijo ya tashi sai ƙafarsa ta ƙi ɗaukewa daga gidan. Ran kasuwa yana nan, ranar da ba kasuwa ma yana nan, da 'yar ledar ƙwan zabi a hannu ya miƙa wa Mero, sannan ya zo ya tsuguna a gefen zana.

"Baba, sannu da aiki."

"Yauwa."

"Ashe inji ya tashi."

"Ya tashi."

"Alhamdu lillahi. To tayun hwa?"

"Suna ɗaki."

"Maida su da wuya ne?"

Labaran ya ci gaba da gurza. Gide ya yi ta zane a ƙasa da tsinke.

"In an gama, Baba, tana iya hita kowane lokaci? Ko da magariba ta yi?"

Samfefa ta tsaya a hannun Labaran. Ya juyo ya dube shi. Gide ya ƙara sunkuyar da kai, gumi na bin bayan kunnensa.

"Mi ya kawo maganar magariba?"

"Babu, Baba. Na dai tambaya."

A ranar Labaran bai ci tuwon kirki ba. Ya tuna cewa Unguwar Ɗanlahadi an kwana biyu ba a taɓa su ba, alhali ƙauyukan da ke gefensu an kwashe musu shanu. Ya ce wa ransa kada ya ɗauki alhakin yaro. Amma tunanin ya ƙi tafiya.

Wata rana ya shiga ɗaki ɗauko foti, da ya fito sai ya tarar Gide ya buɗe ƙofar baya ya zura rabin jikinsa ciki. Yana auna kujerar baya da ɗani, daga wannan ƙofa zuwa waccan, yana motsa baki. Ya gama ya danna kushin da tafin hannu, ya kuma buɗe ƙofar iya buɗuwarta yana duban faɗinta. Labaran ya tsaya cak. Abin da ya zo masa shi ne, wannan awon mutum ne a kwance. Kuma wa ake kwantarwa a bayan mota in ba wanda aka ɗaure ba?

Ya yi gyaran murya. Gide ya zabura har ya buga ƙeya da rufin motar.

"Mi kake nema?"

"Kushin nike dubawa, Baba. Ya yi laushi."

"Kai za ka kwanta a kai?"

"A'a, Baba."

Ba a jima ba wayar Gide ta yi ƙara. Maimakon ya ɗauka a nan, sai ya fita da sauri zuwa zaure. Labaran ya bi ta bayan zana ya kasa kunne. Gide na magana ƙasa-ƙasa.

"Tana kan duwatsu har yanzu. A'a, bai faɗi rana ba. A ƙara haƙuri, ina nan ina bibiya."

Labaran ya koma ya zauna a kan bokiti.

Da yamma Mero ta kawo masa ruwan alwala, ta tsaya tana murza bakin zane.

"Malam, da ka bar fentin nan ka maida tayu."

"Don mi?"

"Ba a san abin da ka iya tasowa ba."

"Kamar mi?"

"Mutanen Unguwar Ɗanlahadi..." Sai ta ja mayafi ta rufe baki, ta kau da kai.

"Mi ya same su?"

"Lahiya lau. Na dai ce."

"Ke ma ya saye ki da ƙwan zabi ke nan. In fenti ya zubo ma taya ke za ki kankare? Ba ni maida su sai na gama."

Ta buɗe baki kamar za ta ƙara wani abu, ta fasa, ta ɗauki butar ta wuce.

A cikin satin aka ɗauke wani mai shagon taki a hanyar Ƙanƙara. Mutumin ya ɓoye tafiyarsa, ko yaran shagonsa bai gaya wa ba, amma aka tare motar da yake ciki aka kira shi da sunansa. Gari ya ɗauki zafi. Kowa na kallon kowa. A wurin mai shayi in mutum ya ciro waya sai hira ta mutu.

Shugaban 'yan sa-kai na unguwarsu Maharazu ne, abokin Labaran tun suna kiwon awaki. Ya shigo aron sifana don babur ɗinsa, bindiga rataye a kafaɗa, ya tsaya yana kallon Fijo da ta yi dabbare-dabbare da foti.

"Malam Labaran, har yau gawar nan ba a yi mata sutura ba?"

"Gawar ta hi babur ɗinka lahiya. Zauna, ina da magana."

Maharazu ya ga fuskarsa, ya bar wasa ya zauna.

"In mutum ya dame ka da tambayar ranar da za ka hita, da ko motarka na tahiya da magariba, mi za ka ce?"

"Wane ne?"

"Na tambaye ka tukuna."

"Ni ba ni cewa komi. Ɗauko shi nike, shi yi bayani can wurinmu. Wane ne?"

Labaran ya san irin bayanin da ake yi a can wurinsu. Ya ga waɗanda suka shiga da ƙafarsu aka fito da su a amalanke. Ya daɗe yana kallon duwatsun da ke ƙarƙashin motar kafin ya ce, "Gide."

Maharazu ya ajiye sifanar. "Mijin ɗiyarka hwa."

"Na san wanda na ba ɗiya. Abin da ban sani ba shi ne ko har yanzu shi ne. Amma ka ji, ba wanda zai taɓa shi sai mun gwada. In gaya mai rana da hanya, shi kaɗai. Ni ba ni hita. Mu je mu ɓuya mu ga wanda zai zo jirana."

"In an zo hwa?"

Labaran ya ɗauki samfefa ya koma gurza. Maharazu ya ɗauki sifanar ya fita.

Ruwa ya ɗan ɗauke, rana ta fito. Labaran ya aro injin iska na mai faci, ya lulluɓe gilasai da tsofaffin jaridu, ya ɗaure hanci da rawani ya fara feshi. Hannu na farko ya hau lafiya. Ya ga kamar bai rufe foti ba, ya ƙara na biyu da kauri, ya ƙara na uku. Kafin la'asar Fijo ta koma yadda ya san ta yana yaro, ranar da Alhaji Audi ya shigo da ita gari mata na guɗa. Ya tsaya yana kallonta, amma daɗin ya ƙi shiga ransa.

Sai ga sallamar Gide.

Labaran ya bari ya tsuguna ya gama gaisuwa, sannan ya ce, "Gobe da hantsi zan hita da ita. Funtua za ni, in sa mata gilashin fitila. Da asuba zan maida tayu."

Gide ya ɗago kai, abin da bai taɓa yi ba a gabansa. Fuskarsa ta washe.

"Gobe, Baba? Ta mararrabarmu za ka bi?"

"Akwai wata hanyar?"

"Babu. Alhamdu lillahi. Da hantsi ko?"

"Da hantsi. Kai kaɗai na gaya ma."

Mero ta aiko da fura, amma Gide ko kurɓa biyu bai yi ba ya ce zai koma kada yamma ta yi masa. Tun bai fita zaure ba Labaran ya ji yana danna waya.

Da safe Labaran ya taɓa ƙasan ƙofar motar da bayan yatsa. Fentin na danƙo, ya kama fatarsa. Ya bar ta a kan duwatsunta, ya hau bayan babur ɗin Maharazu. Wasu samari uku na sa-kai suka biyo su. Suka ɓoye baburan nesa, suka ratsa ta cikin gona har inda turbar Unguwar Ɗanlahadi ta haɗu da kwalta. Dawa ta yi tsawo ta fi mutum, suka kwanta a cikinta.

Labaran na addu'a a ransa kada kowa ya zo. Motar haya ta wuce, an danne mutane a ciki kamar buhuna. Wani mai itace ya wuce. Rana ta ɗaga. Har ya fara jin sanyi a ransa, zai ce wa Maharazu su tashi, sai dawar da ke tsallaken titi ta motsa.

Gide ne. Ya fito a hankali, waya a hannu, ya leƙa wajen Daudawa, ya sa hannu ya kare rana yana hange. Ya koma cikin dawa. Suka ji yana yi wa wani magana ƙasa-ƙasa. Ya sake fitowa ya sake leƙawa.

Maharazu ya dubi Labaran ya ce a hankali, "Suna ciki."

Kafin Labaran ya ce wani abu samarin sun tsallaka titi. Ɗaya ya kai wa Gide gindin bindiga a kafaɗa ya faɗi, ɗaya ya take wayar, suka murɗe hannuwansa baya suka ɗaure da igiyar babur.

Maharazu ya ce, "Su nawa ne?"

"Su wa? Wallahi..."

"Waɗanda kake ma magana. Wa kake jira a nan?"

Gide ya ɗaga ido sai ya ga Labaran tsaye a bayansu. Bakinsa ya buɗe, ya rufe. Ya sunkuyar da kai ƙasa kamar yadda yake yi a zaure.

Labaran ya ce, "Yi magana mana. Wa ke cikin dawa?"

Jini na bin gefen bakinsa, amma ya ƙi cewa komai.

Ɗaya daga samarin ya ce, "Kun gani ko? Ba shi da ta cewa."

Sai wani abu ya yi motsi mai nauyi a cikin gonar, karan dawa suka karye. Saurayin ya juya ya ɗana bindiga ya saita wurin. Nan Gide ya yi wata irin ƙara ya faɗa a ƙafafunsa da ɗaurarrun hannuwa.

"Kada ka harba! Iyali ne! Don Allah iyali ne!"

Maharazu ya buge bakin bindigar sama. Ya shiga ya buɗa dawar da hannu, Labaran na bayansa. Amalanken shanu ne a ƙarƙashin wata ɗorawa, bijimin na cin ganye. An shimfiɗa katifa a ciki. Shafa'atu na kwance a gefe ɗaya, ciki ya yi gaba, ƙafafu sun kumbura, ta damƙe katakon amalanken tana cije leɓe. A gefenta uwar Gide ce, Inna Laraba, tsohuwa 'yar ƙarama, ta tare ta da jikinta.

Labaran ya juya baya da sauri ya kalli titi.

Inna Laraba ta ce, "Juyo, Malam Labaran! Yau ba ranar kunya ba ce. Kunyar taku ce ta kawo mu nan." Ta hango ɗanta a ɗaure, ta dafe ƙirji. "Mi ya yi maku?"



Ta ce, "Malamar asibiti ta duba ta, ta ce ɗan a gicciye yake, ba ta haihuwa a gida, sai Funtua. Ta ce kada a ɗora ta kan babur, kada a matse ta cikin motar haya, a kwance za a kai ta. Na aika ma Mero, ta ce ita ba ta iya buɗa baki kan ɗiyar fari. Na ce ma wanga sakarai je ka gaya ma surukinka, ya ce shi ba ya iya kallon idonka shi ce ɗiyarka na da ciki. Kullum sai shi dawo shi ce an kusa, an kusa. Jiya ya zo da murna, ya ce mu tsaya bakin hanya, in ka gan mu ka ɗauka ba sai an yi magana ba. To ga mu. Ina motar?"

Shafa'atu ta yi wani nishi mai tsawo. Tsohuwar ta duba zanenta, ta ɗago a firgice.

"Faya ta fashe. Ina motar, na ce?"

Labaran ya ce, "Tana kan duwatsu."

Maharazu da kansa ya yanke igiyar hannun Gide. Aka bar saurayi ɗaya da matan, sauran suka hau babura. Labaran bai san yadda suka iso gida ba. Ya banke zana da ƙafa, ya ce a fito da tayu. Mero ta fito daga madafa, ta ga Gide da jini a baki, ta ɗora hannu a ka, ba ta tambayi komai ba ta shiga haɗa zannuwa. Jak ɗaya ne, ba a jira shi ba, maƙwabta suka shigo suka ɗaga motar da hannu ana zura taya. Gwangwanin madara ya kife, aka bi notoci cikin ƙasa ana tsinta. Labaran ya yage jaridar gilashin gaba kawai, ya shiga ya murɗa makulli. Batir ya yi ƙyat ƙyat ya yi shiru.

"A tura!"

Wani ya ce, "Malam, fentin bai bushe ba."

"Na ce a tura!"

Suka dafa ta ko'ina, but da ƙofofi da rufi. Hannuwa suka nutse cikin fenti. Aka fita da ita ta ƙofar shanu, aka gangara layin masallaci, Labaran ya saki kuloci, ta yi tsalle ta yi tari ta kama. Jar ƙasar layin ta tashi ta manne a jikinta tun daga gaba har baya.

A mararraba aka ɗauko Shafa'atu da katifarta. Ƙofar baya ta buɗu iya buɗuwarta, ta shige, ta kwanta a kujerar daga wannan ƙofa zuwa waccan, ba ragi ba ƙari. Labaran na riƙe da sitiyari yana kallon gaba. Inna Laraba da Mero suka tsuguna a wurin sa ƙafa. Gide ya tsaya a waje yana duban but kamar zai shiga ciki, don ba a taɓa jin suruki ya zauna kafaɗa da kafaɗa da uban matarsa ba.

Labaran ya miƙa hannu ya tura ƙofar gaba. "Shiga."

Suka kama hanyar Funtua. Maharazu na biye da su a babur. A asibiti aka wuce da ita ɗakin aiki, aka yi mata tiyata, aka ciro 'ya mace. Uwa da 'ya suka rayu. Da Mero ta fito ta faɗa, a kaikaice ta faɗa, tana kallon bango. Labaran ya ce madalla, ya fita waje ya tsaya wurin motarsa. Tafukan hannu ne a jikinta ko'ina, manya da ƙanana, ƙasa ta bi ta zauna a cikin kowanne. A kan but akwai guda biyu da suka fi sauran nutsewa, da ɗan jini a gefen ɗaya.

Sai dai magana ba ta ƙare a nan ba. Kafin su dawo labari ya zaga gari cewa 'yan sa-kai sun kama Gide a bakin hanya da waya a hannu. Wannan rabin kowa ya ji shi. Rabin amalanke kuwa wasu sun ji, wasu sun ce an shirya ne don a rufa wa Labaran asiri. Gide ya zo sayen sabulu, mai shago ya miƙo masa ba tare da ya amsa gaisuwarsa ba. Ya zauna a bencin mai shayi, benci ya watse.

Maharazu ya zo ya sami Labaran. "Na faɗa masu, na rantse masu. Amma akwai yaran da ba nawa ba, na wasu unguwanni. In suka gamu da shi a hanya ba su tambayata."

Ran kasuwa Labaran ya aika aka kira Gide. Bai wanke motar ba, bai goge komai ba. Ya sa shi a kujerar gaba, ya sauke gilasai duka, ya shiga kasuwa a giya ta ɗaya, ta layin 'yan hatsi, ta 'yan awaki, ta gaban rumfar 'yan sa-kai. Gide kamar ya nutse cikin kujera. A gaban mai shayi, inda majalisa ta cika, Labaran ya taka birki ya bar injin na aiki.

Wani dattijo ya ce, "Malam Labaran, wa ya ɓata maka fenti haka?"

Labaran ya fito ya zaga yana nuna tafukan hannun. "Wanga na Maharazu ne, kun ga yatsunsa kamar rogo. Wanga na ladan. Waɗannan biyun na kan but na Gide ne, ya tura da kafaɗar da aka buga mai." Ya dubi majalisar ɗaya bayan ɗaya. "Ni na kai sunanshi wurin sa-kai, ni kuma na ga abin da ke cikin dawa da idona. Daga yau duk ranar da zan hita, da hanyar da zan bi, shi kaɗai zai sani. Ko Mero ba ni gaya ma. In an tare ni ku kama shi. In ba a tare ni ba, wanda ya sake tashi daga benci don ya zauna, ni da shi ne."

Can mai shayi ya ɗauraye kofi ya ce, "Gide, da madara ko baƙi?"

A hanyar komawa gida Labaran ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Nan gaba in kana da magana ka faɗe ta."

"To, Baba."

"Akwai?"

"Babu."

Suka wuce masallaci. Gide ya yi ta murza gwiwarsa.

"Sai dai... an ce gobe za a sallame su daga asibiti."

"Su wa?"

"Mutanen."

Labaran ya canza giya. "To. Da hantsi. Ka zo da wuri ka duba ruwan lagireto, kuma ka taho da mai turi, batirin nan ba shi da amana."